Zumunci a ƙafa yake: shin waya ta zama ƙafa?

Wani dattijon ikilisiya, Kaltungo:
Salama a gare ku, 'yan'uwa. Mai ɗakina ta yi makonni uku a kwance, kuma ɗanmu da ke aiki a Abuja bai gaza ba wajen turo kuɗin magani da kira safe da yamma. Da na tuna masa cewa zumunci a ƙafa yake, sai ya amsa cikin ladabi cewa ƙafar zamanin nan ita ce waya. Ni dai abin da na tashi na tarar shi ne mutum ya taka ya je, domin bisharar ma da ta iso Kaltungo a 1917 ta hannun masu mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission), da ƙafa iyayenmu suka kai ta ƙauyuka. Ina neman ra'ayinku.

Wani matashi, Tumfure, Gombe:
Baba, ina gaisuwa. A ganina waɗanda suka fara wannan magana sun ambaci ƙafa ne saboda ita kaɗai suke da ita, amma abin da suke nufi shi ne ɗawainiya. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kuɗin motar zuwa da dawowa daga Abuja kan iya sayen maganin mako guda, don haka wanda ya zaɓi aiko da kuɗin ba za a ce ya yanke zumunci ba.

Wata uwa a Zumuntar Mata, Billiri:
Ɗana, lissafinka daidai ne, sai dai akwai abin da waya ba ta gani. Bara mun yi wata biyu muna kiran wata gwauruwa a majami'armu bayan an watse daga zaman makoki, kullum amsarta "lafiya lau, mun gode Ubangiji". Ranar da mu huɗu muka shiga gidan bayan sujada, na je ɗora ruwan zafi, sai na tarar tokar murhu ta yi sanyi, kwanon gari a kife, yara kuma sun daina zuwa makaranta. Mutanenmu suna da kara, ba sa faɗin yunwarsu da baki. Da ba mu taka mun je ba, wa zai gaya mana?

Wani malamin makarantar Lahadi, Gombe:
Mama ta taɓo inda maganar take, amma kada mu yi wa matashin nan rashin adalci. Manzo Bulus ya riƙe ikilisiyoyi masu nisa da wasiƙu, ya kuma tara gudummawa domin matalautan Urushalima, wato aike ma yana da gurbinsa. Duk da haka, a 2 Yohanna aya ta 12 marubucin ya ce yana da magana da yawa, amma ba ya so ya yi ta da takarda da tawada, ya fi so ya zo su gana ido da ido domin farin cikinsu ya cika. Maryamu ma, a Luka sura ta 1, tashi ta yi ta haura ƙasar tuddai wurin Alisabatu, ta zauna kusan wata uku. Inda nake da ja shi ne yadda wasu ke jifan na nesa da karin maganar nan, alhali su da ke unguwa ɗaya ba su san ƙofar gidan wanda suke zama benci ɗaya da shi ranar Lahadi ba. An ce ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe.

Dattijon Kaltungo:
Malam, wannan jifar ta same ni, domin ƙanena yana nan Billiri, motar haya ɗaya ce tsakaninmu, rabona da gidansa tun bikin Kirsimetin bara. Ɗanmu na Abuja kuwa ya ce zai zo ƙarshen wata. Da uwarsa ta ji, kuɗin da ya aiko na magani ta ciri wani abu a ciki, ta aika jikarta kasuwa sayen zakara.