"Ba a fafe gora ranar tafiya": Kawu ya hana mu ne ko ya ce mu tashi?

Baban Ummi (Jekadafari):
Salam jama'a. Dan Allah masana karin magana ku raba mu gardama. Mu goma sha biyu ne muke zuwa madatsar ruwan Dadin Kowa da ke Gombe duk Asabar muna tuƙa kwale-kwale, tun muna yi don motsa jiki har abin ya shiga ranmu. To sai wani ɗan'uwanmu da yake karatu a Italiya ya turo mana bidiyon wani taron tuƙi da ake yi a Benis, garin nan da titunansa ruwa ne, sunan taron Vogalonga, kilomita 30 ake tuƙawa kuma ba a yarda da inji ba sai ƙarfin damtse. Muka ce mu ma a baɗi da mu in Allah ya yarda. Na je na faɗa wa Kawu, tsohon masuncin da yake ba mu aron jirgi, yana gyaran koma ko ɗagowa bai yi ba yace "ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya". Shi kenan bai ƙara ba. Yanzu gurup ɗinmu ya rabu biyu, wasu sunce nufinsa mun makara mu haƙura, wasu sunce a'a cewa yayi mu fara shiri. Wanne ne?

Malam na Pantami:
Wa alaikumus salam Baban Ummi. Kafin a je ga nufin Kawu a fara sanin mene ne fafe gora, don yaran yanzu robar ruwa suka sani. Gora ɗan duma ne. In ya bushe za a yanke bakinsa, a ƙwaƙule totuwar ciki da 'ya'yan, sannan a zuba ruwa a bar shi ya kwana a zubar a sake zubawa, kwana da kwanaki, har ɗacin ya fita. To mutumin da ya tashi da asuba zai yi tafiya sannan ya ɗauko gora zai fafe, ko ayari ya tafi ya bar shi ko ya tafi da ruwa mai ɗaci. Saura watanni taron naku, kenan yau ba ranar tafiya bace. Ni a fahimtata cewa yayi ku ɗauko gorarku yanzu.

Ɗan Bolari:
Malam da girmanka amma ban yarda ba. Ni tunda nake ban taɓa jin an yi wannan karin maganar ga wanda yake da sauran lokaci ba, kullum bayan abu ya ƙwace ake faɗa, ɗalibi ya buɗe littafi daren jarabawa, ko a fara neman kuɗin sadaki ana gobe ɗaurin aure. Magana ce ta gori. Kawu ya kalle ku ne ya ga ba za ku iya ba sai ya faɗa muku cikin ladabi, kun san dattijo baya cewa a'a kai tsaye.

Malam na Pantami:
Ɗan Bolari a gidanku ne ake ajiye ta sai an makara. Mu mahaifiyarmu tun ana saura wata biyu Sallah take faɗa wa tela.

Inna Wuro:
Kuna ta musu kan gora ba ku tambayi masu gora ba 😂 Malam ya faɗi daidai wajen jiƙawa, mu da muka tashi muna ganin ana yi har hayaƙi ake wa ƙwarya da gora kafin a zuba nono. Amma abin da ban ji kowa ya taɓo ba, gora in ba a fafe shi da kyau ba ba mai shi kaɗai yake shan ɗacin ba, duk wanda ya roƙi ruwa a hanya sai ya ɗanɗana. Ku goma sha biyu ne, mutum ɗaya yayi sakaci da nashi ya ja muku duka.

Auwalu Injiniya:
Tambaya dai, kun tabbata goran duma ake nufi? Ai akwai gora ta icce, wacce masu jirgi suke dogarawa a ƙasan ruwa su tura. Tunda Kawu mutumin ruwa ne ƙila ita yake nufi.

Malam na Pantami:
Auwalu a rubuce ne suka zama ɗaya, a baki ba haka ake furta su ba, kuma sanda ba a fafe ta, sai dai a fere ta ko a sassaƙe. Abin da yake da ciki shi ake fafewa, shi yasa ake cewa mafafi. Wannan kam a ajiye shi.

Ɗalibi a Italiya:
Salam, ni ne na turo bidiyon, Yaya Baban Ummi ya saka ni a nan. Ni ba masanin karin magana bane amma bari in faɗi yawan gorunan da ke gabanku sai ku auna da kanku ko an makara.

Na farko ba tsere bane, wannan ya kamata kowa ya cire a ransa. An fara shi a 1975, mutanen garin ne suka fito da jiragen hannu don nuna ɓacin ransu da jiragen inji, saboda igiyar ruwan da suke tayarwa tana cin gindin gine-gine. Har yau haka yake, ba na ɗaya ba na biyu, duk wanda ya kai ƙarshe ana bashi lamba da takardar shaida. Ranar Lahadi ake yi wajen watan Mayu ko Yuni, jirage sun fi 1,000, a harba igwa a gaban San Marco, babban dandalin garin, kowa ya tashi, a zagaya ta tsibirin Burano a biyo ta Murano inda ake aikin gilashi, sannan a shigo cikin gari ta wata siririyar hanyar ruwa da ake kira Cannaregio. Wlh nan ne wajen, jirage suna cushewa kamar bakin babbar kasuwa ranar jajibiri, in matuƙinku bai iya tsayar da jirgi da juya shi a matsatsi ba za ku sha ihu da yaren da ba ku ji.

Sai biza. Ta Shengen ce, wato bizar haɗin gwiwar ƙasashen Turai har da Italiya, yuro 90 kuɗin nema ga babba, dole da inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, ana iya shigar da takardu tun saura wata 6 tafiya. Kuma kowa da kansa za a duba shi, aikinsa, asusunsa na banki, dalilin da zai sa ya dawo gida. Ba a ba ƙungiya biza a dunƙule. Jirgi kuma ba za ku ɗauko na Kawu ba ai, haya za a nema a can kuma masu zuwa daga wasu ƙasashe da wuri suke kamawa.

Ɗan Bolari:
To kun ji. Mutum nawa ne a cikinku ma suke da fasfo? Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Baban Ummi (Jekadafari):
Biyar ne da fasfo, ɗaya kuma nashi ya mutu. Amma Ɗan Bolari kai ma ka san fasfo ba shi ne matsala ba, adashe muka fara tun watan jiya.

Gaskiya ni abin da ya tsaya min tun jiya, bana jin Kawu yana maganar biza ne. Mutumin da ko Abuja bai damu da zuwa ba ina ruwansa da yuro. Na tuna ranar da na faɗa masa maganar mun dawo ne daga ruwa, kuma ranar mun ba da kunya, jirgi sai zagaye yake yi a wuri ɗaya saboda na dama sun fi na hagu ƙarfi, kowa yana tsoma filafili lokacin da ya ga dama, mutum uku suna ba da umarni lokaci guda har da ni. Yana bakin gaɓa yana kallonmu. Mu da bamu taɓa wuce awa ɗaya a ruwa ba tare da wani yace a tsaya ya huta ba, kuma ko nesa ba ma yi saboda tsoron dorina.

Inna Wuro:
Ai ka ba kanka amsa. Ku ne goran.

Auwalu Injiniya:
Hhhh Inna kin gama da su. Wato har yanzu da totuwarsu a ciki.

Ɗalibi a Italiya:
Yaya wannan ɗin shi ne babba gaskiya. Su mutanen Benis a tsaye suke tuƙi suna kallon gaba, Turawan kulob ɗin tuƙi kuma a zaune suna ba gaba baya, duka biyun ba za ku koya a 'yan watanni ba. Wanda ya yi kama da namu shi ne dogon jirgin nan na 'yan Sin mai kan dodo, a zauna bibbiyu ana kallon gaba, babban yana cin mutum 20 da mai ganga a gaba da mai riƙe akala a baya, akwai ƙarami na mutum 10. Ku goma sha biyu cif kenan in an haɗa da mai ganga da matuƙi. Amma duk sirrinsa filafili ya shiga ruwa tare ya fito tare.

Malam na Pantami:
To a nan zan ɗan ba Ɗan Bolari gaskiyarsa, kaɗan ba duka ba. Akwai goran da in aka fafe shi yau gobe a sha ruwa, akwai wanda sai ya daɗe a jiƙe. Fasfo da biza lissafinsu a takarda yake, an san kwanakinsu. Haɗa hannun mutum goma da kowa yake ganin shi ne kyaftin, wannan ba wanda zai ce maka ga ranar da zai nuna. In na baɗi bai yiwu ba taron nan shekara-shekara ake yi. Amma kalmar "haƙura" dai babu ita a cikin karin maganar, ku ne kuka saka ta.

Ɗan Bolari:
Malam babu "ku fara" ma a ciki ai. Ni dai a koma a tambayi Kawu kawai a huta.

Baban Ummi (Jekadafari):
Na tambaye shi da yamman nan ta wayar jikansa. Yace in muna son amsa mu zo Asabar bayan sallar asuba, kowa da rigar kariyarsa, za mu tuƙa har inda zai nuna mana mu dawo ba tsayawa, shi zai zauna a baya kuma duk wanda ya buɗe baki ya ba da umarni a jirginsa zai sauke shi. Yace a zo masa da mai kalangu in da hali.

Ɗan Bolari:
Wannan ma ai bai amsa ba. Amma ku tsaya min a Tashar Dadin Kowa, zan zo in ga wanda za a fara saukewa.