Ina ake kwana da mota mai ɗaki a Jamus da Faransa?

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Yayana da ke zaune a Hambug ya gayyace mu, ni da maiɗakina da yara, a hutun watan Agusta, kuma ya ba da shawarar mu yi hayar mota mai ɗaki, irin wadda ke da gado da murhu da banɗaki a ciki, mu gangara da ita har kudancin Faransa. Abin da ya shige mini duhu shi ne wurin kwana. Shin duk inda dare ya yi wa mutum zai iya tsayawa, ko kuwa akwai wuraren da aka keɓe? Ta yaya ake gano su tun daga nan gida?

Alhajin Nima, Akra:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin maganar hanya akwai ta biza, domin takardar neman bizar Shengen, wato bizar bai ɗaya ta shiga ƙasashen Turai da dama har da Jamus da Faransa, tana tambayar adireshin inda za ka sauka, kuma babu jami'in da zai gamsu da cewa za ka riƙa kwana a duk inda ka samu. Ka haɗa takardar gayyatar yayanka da yarjejeniyar hayar motar da shaidar kama wuri a sansanonin da ke da adireshi, tare da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Ka kuma lura cewa ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta shi za ka nema, ba lallai na ƙasar da jirgi zai sauke ka ba.

Su kuwa wuraren kwanan ba iri ɗaya ba ne. Akwai cikakken sansani mai wurin wanka da injin wanki da wutar lantarki, wanda shi ya fi tsada, kuma a Yuli da Agusta na bakin teku kan cika maƙil, saboda haka dole a kama da wuri. Akwai kuma filin da ƙananan hukumomi ko 'yan kasuwa ke warewa motoci masu ɗaki kaɗai, wanda Jamusawa ke kira Stellplatz, Faransawa kuma aire. Wasu kyauta ne, wasu kuɗi kaɗan ake biya a na'ura, amma akasarinsu ba a kama wuri, wanda ya riga zuwa shi ke samu, don haka ka isa kafin la'asar ta yi sanyi. Manhajojin Park4Night da Campercontact suna nuna su a taswira, sai dai masu tafiya ne ke rubuta yawancin bayanan, shi ya sa nake duba ranar sharhi na ƙarshe kafin in nufi wuri.

Tsayawa ko'ina kuwa, a Jamus ana ƙyale direba ya kwana dare ɗaya a wurin da aka halatta ajiye mota domin ya huce gajiya, matuƙar bai fito da kujeru da tebur ba. A Holand haramun ne kwana a mota in ba a wuraren da aka keɓe ba.

Hajiyar Asawase:
Alhaji ya yi bayani, Allah ya saka da alheri, amma ni a ganina ruwa ne ke zaɓa wa iyalin Musulmi wurin kwana, ba kyan wuri ba. Tankin irin waɗannan motoci bai cika wuce lita 100 da wani abu ba, kuma daga shi ne za a yi girki da wanke-wanke da alwalar salloli biyar. Akwatin banɗakin, wanda ake zarowa ta wata 'yar ƙofa a gefen mota a je a juye a ramin da aka tanada, ƙarami ne ƙwarai, mu kuma masu tsarki da buta mun fi Turawa saurin cika shi. Saboda haka, ɗana, kada ka jera darare a inda babu famfo da wurin juye ƙazanta, kuma kada ka cika tanki da tiyon da ake ɗauraye akwatin, akwai famfon ruwan sha dabam.

Akwai wani tsari mai suna France Passion, inda manoma ke barin mambobi su kwana awa 24 kyauta a gonakinsu. Yana da daɗi ga yara, amma da yawa daga masu masaukin masu yin giyar inabi ne, kuma ladabi ya sa baƙo ya leƙa abin da suke sayarwa. Ka zaɓi masu zuma ko cuku ko 'ya'yan itatuwa.

Direban Suame:
Malam, ka tambayi tsayi da nauyin motar kafin ka sa hannu. Lasisin ƙaramar mota a can iyakarsa kilo 3,500, kuma ka karɓi lasisin ƙasa da ƙasa a DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta Gana, kafin ka tashi. A manyan hanyoyin Faransa da ake biya, motar da ta kai mita 3 a tsayi kuɗinta ya fi yawa, sannan wuraren ajiye mota da yawa suna da ƙarfe da aka gitta a saman ƙofa a tsayin kusan mita 2. Hannun tuƙi ba zai dame ka ba, tunda mu ma a Gana a dama muke tuƙi tun 1974. Ina ƙara jan kunne a kan abin da Alhaji bai ambata ba, wato wuraren hutawa na bakin babbar hanya su ma aire ake kiransu, kuma a nan aka fi jin labarin sata da dare. Ka sauka daga babbar hanya ka shiga ƙauye.

Ɗan Aboabo, Kumasi:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Zan sa Yaya ya kama mana sansani na daren farko kusa da inda za a karɓi motar, da kuma na bakin teku, kafin in kai takarduna Akra.