Tafiyar ƙafa zuwa Santiago: daga Sarria zan fara ko daga iyakar Faransa?

Ɗan Wusasa:

Ina gaishe ku, iyaye da 'yan'uwa. Ni malamin makarantar sakandare ne a nan Zariya, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in yi tafiyar ibada da ƙafa zuwa birnin Santiago de Compostela a arewa maso yammacin Sifaniya, inda ake cewa an binne manzo Yakubu ɗan Zabadi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, hanyar da aka fi sani, wadda ake kira Camino Francés, tana farawa daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa kuma ta kusa kilomita 800, alhali hutun da zan iya samu bai wuce mako biyu ba. An ce wanda ya fara daga garin Sarria ma ana ba shi takardar shaidar kammala tafiyar. Shin in yi gajerar yanzu, ko in jira sai na yi ritaya? Na biyu kuma, ni ɗan Angilikan ne, shin za a hana ni takardar don ba ni cikin ɗarikar Katolika?

Mama ta Samaru:

Ɗana, ka tafi yanzu tun gwiwarka tana da ƙarfi. Daga Sarria na fara tawa, kuma ban ga abin da ya rage mini ba. Ƙa'idar ofishin masu ziyara da ke ba da takardar ita ce mutum ya taka aƙalla kilomita 100 da ƙafa zuwa Santiago, ko 200 idan da keke ne, Sarria kuwa tana da nisan kusan kilomita 115 daga Santiago, shi ya sa jama'a suke tururuwa can. Yawancin mutane suna gamawa cikin kwana biyar ko shida, suna ya da zango a Portomarín da Palas de Rei da Arzúa da O Pedrouzo, don haka mako biyu ya ishe ka har da ranakun jirgi da hutawa.

Batun ɗarika kada ya dame ka, domin ba wanda zai nemi takardar baftismarka. Abin da ake tambaya shi ne ko ka yi tafiyar ce da niyyar ibada, abin da ake dubawa kuma shi ne ɗan littafin da ake kira credencial, wanda za ka riƙa buga wa hatimi a coci da masauki da wurin cin abinci. A cikin kilomita 100 na ƙarshe hatimi biyu ake so kowace rana, kuma ka kiyaye wannan sosai, saboda shi ne shaidarka. Ɓata hanya da wuya, tun da akwai kibiyoyi masu ruwan ɗorawa a kan duwatsu da bango, tare da hoton ɓawon wata halittar teku mai kama da mafici.

Dattijon Sabon Gari:

Ina girmama shawarar Mama, amma Malam, ina so ka san abin da za ka bari a baya kafin ka yanke hukunci. Tafiyar nan ta samo asali tun ƙarni na 9, lokacin da aka ce an gano kabarin a zamanin sarki Alfonso na biyu, kuma abin da ya sa ta zama ibada ga mutanen zamanin da shi ne doguwar wahala da kaɗaici. Wanda ya fara daga Sarria ba zai haura duwatsun Pyrenees zuwa Roncesvalles ba, ba zai ga manyan majami'un Burgos da León ba, kuma ba zai ratsa shimfiɗaɗɗen filin nan na Meseta da ke tsakaninsu ba, inda mutum yakan yini cikin gonakin alkama babu inuwa, daga shi sai addu'arsa. A ganina nan ne zuciyar tafiyar take. Daga Sarria kuwa cunkoso ne, 'yan makaranta da ƙungiyoyin yawon buɗe ido, wasu ma an ɗauke musu kaya a mota. A shekarar 2022 mutanen da suka karɓi takardar sun haura 400,000, kuma kaso mai yawa daga cikinsu daga nan suka fara.

Ba dole ba ne ka jira ritaya. Turawa da dama suna yin hanyar kashi-kashi, bana su yi wani yanki, baɗi su ɗora daga inda suka tsaya, hatimansu suna nan a littafi ɗaya. Na san kuɗin jirgi daga Najeriya bai bar mu mu yi haka cikin sauƙi ba. Idan sau ɗaya kaɗai za ka iya zuwa, to aƙalla ka ja baya ka fara daga Ponferrada, nisan da ya ɗan haura kilomita 200, domin ka hau dutsen O Cebreiro. Limamin cocin ƙauyen da ke kan wannan dutse, Elías Valiña, shi ne ya fara zana kibiyoyin da Mama ta ambata a shekarun 1980, lokacin da hanyar ta kusa bushewa.

Ma'aikaciyar jinya, Shika:

Yaya, duk wadda ka zaɓa, ƙafarka ce za ta yanke hukunci. Tafiyar kilomita 20 zuwa 25 a yini ba ta da wuya a rana ta farko, wahalar tana zuwa ne idan aka maimaita ta gobe da jibi a kan tafin da ya yi bororo. Ka sayi takalmin tun yanzu ka tattaka shi har ya saba da ƙafarka, ka riƙa fita da asuba da jakar goyo a bayanka, kuma tun da Dutsen Kufena yana kusa da ku, ka riƙa hawa da sauka, domin gangara ce take cin gwiwa fiye da hawa. Nauyin jaka kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin jikinka. Zafi ba zai ba ɗan Zariya tsoro ba, amma yankin Galicia, inda Sarria da Santiago suke, wurin ruwan sama ne da sanyin safiya, saboda haka rigar ruwa ta fi maka komai amfani.

Sai batun biza. Ta Schengen, wato bizar haɗin gwiwa ta ƙasashen Turai da dama, za ka nema a ƙarƙashin Sifaniya, tun da can za ka fi daɗewa, kuma za a so ganin inshorar lafiya da inda za ka kwana. Masaukan gwamnati na masu ziyara suna da arha, amma wanda ya riga zuwa shi ke samun gado, ba a kama wuri tun daga gida, don haka domin takardun biza ka nemi masaukai masu zaman kansu da ake iya kamawa ta intanet. Ka kuma lura cewa 2027 shekara ce mai tsarki a Santiago, domin ranar 25 ga Yuli, ranar bikin manzo Yakubu, za ta faɗo Lahadi, jama'a za su ƙaru ƙwarai, gadaje kuma su yi wuya.

Ɗan Wusasa:

Na gode muku duka. Baba, idan na cire ranakun jirgi, Ponferrada za ta buƙaci in yi fiye da kilomita 20 kullum babu ranar hutu, don haka zan gwada kaina a Kufena har ƙarshen hunturu in ga ko jikina zai ɗauka. Mama, a ina kika sami littafin hatimin, tun daga gida ko sai da kika isa Sarria?