Shin ana cin ganyen barshumi, kuma me yake ƙara wa jiki?

Ummu Khadija, Ɗa'ifa:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. A nan Ɗa'ifa da yankin Baha na ƙasar Saudiyya ana sayar da 'ya'yan barshumi sosai a lokacin zafi, amma faffaɗan ganyen murtsunguwar da ke fitar da su ban taɓa ganin an kawo shi kasuwa ba. An ce mini a wasu ƙasashe girki ake yi da shi, har ma yana rage suga a jini. Ina neman bayani, domin mahaifiyata na fama da ciwon suga.

Abu Sadiƙ, Jidda:
Wa alaikumus salam, Malama. Ana cin sa ƙwarai, musamman a Meziko inda shukar ta samo asali. Giram 100 na ɗanyen ganyen kalori 16 kacal ne, saboda fiye da kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne, sauran kuma ya ƙunshi harza da magnesiyam da potasiyam da bitamin C. Kalsiyam ɗinsa yana da yawa, sai dai wani kaso yana ɗaure da sinadarin okzalet, don haka jiki ba ya cin moriyarsa duka. Yana kuma da sinadaran filabonoyid, waɗanda ke taimakawa wajen kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa, amma sinadarin jan launi mai irin wannan amfani ya fi yawa ne a cikin 'ya'yan.

Hajiya Babba, Makka:
'Yata, danƙon da ke cikinsa mai yauƙi irin na kuɓewa shi ne ke jinkirta shigar suga cikin jini bayan cin abinci, kuma nazarin da aka yi a Meziko ya nuna hakan. A ganina kayan lambu ne mai kyau, ba madadin magani ba, kuma idan mahaifiyarki tana shan magani, a sanar da likitanta kafin ta fara, don kada sugan ya sauka fiye da kima. A zaɓi sabon toho mai taushi, a kankare ƙayoyin har da ƙananan, sannan a gasa ko a turara kaɗan, domin doguwar dahuwa tana lalata bitamin C.

Baban Yusra, Madina:
Allah Ya ba mahaifiyar Ummu Khadija lafiya. A kula kada a rikita shukar barshumi da tinya ko ƙerana da muka sani a gida, waɗanda su ma suna da ƙaya. Duk wadda aka yanka ta fitar da farin ruwa, ba ita ba ce, kuma ruwan nan guba ne da ke ƙona ido da baki.