Gyaran tsohon bakan farauta da aka gada

Jikan Maharbi:

Assalamu alaikum. Da muka buɗe ɗakin kakanmu bayan rasuwarsa, Allah Ya jiƙansa, mun tarar da bakansa na farauta a soke cikin azara, tare da kwari mai kibau bakwai. Dattawan gidanmu sun ce da itacen dargaza aka sassaƙa shi, kuma an fi shekara 30 ba a ɗana shi ba. Hayaƙi ya mayar da shi baƙi ƙirin, fatar da aka naɗe mariƙinsa ta bushe tana ɓarewa, tsirkiyar kuwa ta tsinke. Niyyata ita ce in kankare shi, in shafa masa banish irin na kujeru, in sa masa sabuwar tsirkiya, domin in fita da shi cikin 'yan baka a hawan Sallah. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin.

Kafinta daga Zariya:

Wa alaikumus salam, Allah Ya gafarta masa. Malam, kada ka kusanci bakan nan da sanfefa mai kaushi, musamman bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, domin shi ne yake miƙewa idan an ja tsirkiya, kuma da zarar ka yanke jijiyar itacen a wurin, to ka saka ranar karyewarsa. Ka fara da tsumma mai ɗan laima, ka goge dauɗar a hankali, ka bar shi ya sha iska a inuwa. Banish ɗin kujera ban ba ka shawararsa ba, saboda yakan bushe ya yi tauri, idan itacen ya lanƙwasa sai ya tsattsage. Kakin zuma da aka narkar da ɗan man kaɗe ya fi dacewa, a shafa kaɗan a murza da tafin hannu har ya shige. Man gyaɗa kuwa yakan yi wari daga baya, ya kuma jawo kiyashi.

Tsohon Maharbi:

Yaro, tun kafin maganar baka, ka yi hattara da kibau ɗin. Maharban zamanin da sukan shafa musu dafin kwankwani, wata shuka mai guba, kuma dafin nan ba ya mutuwa don shekaru sun wuce. Kada ka taɓa tsininsu da hannu, kada yara su kai gare su. Ka kai wa Sarkin Bakan garinku ya duba.

Shi kuwa bakan, itacen da ya daɗe yana hutawa ba a tashinsa da gaggawa. Ka shafe shi da mai, ka bar shi mako guda, ka sake shafawa. Kada ka ɗana shi a cikin hunturu, lokacin da iska ta busar da komai. Idan ka sa tsirkiya, ka sa ta sako-sako, ka riƙa jan ta kaɗan kaɗan kana sauraro, ka ƙara nisan jan bayan 'yan kwanaki. In ka ji ƙara kamar ana taka kara, ka tsaya nan take. Kuma ko da wasa kada ka ja ka saki babu kibiya, domin ƙarfin a jikin itacen zai koma. Baƙin hayaƙin nan da kake ƙi, shi ne ya kore masa ƙwaro duk shekarun nan, ni da zan bar shi.

Jikan Maharbi:

Na gode, Baba, na gode Malam. Bayan na goge shi na ga ƙananan huji uku kusa da bakin da ake ɗaure tsirkiya, kuma da na ƙwanƙwasa sai gari ya zubo.

Kafinta daga Zariya:

To ƙwaro ya riga ya shiga, kuma ɓarnar da ke ciki ta fi wadda ido ke gani. Wannan baka ba zai ɗauki ja ba. Ka shafa masa kakin, ka kai wa baduku ya naɗe mariƙin da jar fata, ka rataye shi a kwance a kan turaku biyu, nesa da rana da damshin bango. Na hawan Sallah kuwa, ka nuna wa masassaƙi wannan ya auna tsawonsa da kaurinsa, ya fitar maka da sabo.