Wanda bai tabbata Yesu ya tashi daga matattu ba, Kirista ne?

Daga zauren zumunta na wata majami'a a Damagaram, inda matasa da iyaye ke tattaunawa a waya.

Bulus: Salama gare ku. Ina so iyayenmu su sa baki a wata magana. 'Yar kawuna da ke karatu a Amurka ta turo mini takardar tsarin sujadar inda take zuwa ran Lahadi. Da kunna wuta a cikin wani ƙoƙo mai ƙafa suke farawa, sai waƙa, sai a yi shiru na ɗan lokaci, sai jawabi kan taimakon baƙin haure. Babu Addu'ar Ubangiji, sunan Yesu sau ɗaya na gani. Ana ce musu Yunitariyan Yunibasalis. Ta ce ba a tambayar kowa abin da ya gaskata. Ita kuma ta ce Kirista ce har gobe, tana bin koyarwar Yesu, ko da yake ba ta tabbata ya fito daga kabari da jikinsa ba. A gida an ce ta bar addini. Ni na ce ba ta bari ba. Mai bin halin Almasihu shi ne Kirista.

Rifkatu: Haba Yaya Bulus. Buɗe 1 Korantiyawa 15. Manzo Bulus ya ce in ba a ta da Almasihu ba, wa'azinsu banza ne, bangaskiyarmu ma banza ce, muna nan cikin zunubanmu. Romawa 10:9 kuma ta haɗa abu biyu: ka shaida da bakinka Yesu Ubangiji ne, ka gaskata a zuciyarka Allah ya tashe shi. Ta cire na biyun. Me ya rage?

Bulus: Ke ma buɗe Matiyu 7:21, ƙanwata. Ba duk mai cewa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga Mulkin Sama ba. A Matiyu 25 da aka raba tumaki da awaki, me aka tambaya? Abinci, ruwa, sutura, gai da marar lafiya da ɗan kurkuku. Yaƙub ya ce aljanu ma sun gaskata Allah ɗaya ne, har suna rawar jiki. Yarinyar nan duk Asabar tana dafa wa marasa gida abinci. Mu nawa ne a nan muka taɓa leƙa unguwar talakawa ta Kara-Kara da kwano a hannu?

Malam Ishaya: Bulus, Rifkatu, ku dakata. Kuna cuɗa mutane iri uku wuri ɗaya. Akwai ikilisiyoyi masu sassauci a Turai da Amurka da har yanzu suke yin baftisma cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, suke karanta Shaidar Bangaskiya ran Lahadi. Bambancinsu da mu yana wajen fassara: wasu malamansu suna ɗaukar mu'ujizai a matsayin misali, suna karanta Littafi Mai Tsarki kamar yadda ake binciken tsohon littafin tarihi. Wannan hanya ta yi ƙarfi a jami'o'in Jamus tun ƙarni na 19.
Na biyu su ne Yunitariyan na asali. Sun ce Allah ɗaya ne ba cikin uku ba, Yesu kuma mutum ne da Allah ya aiko. Gardamar ko Ɗa daidai yake da Uba tsohuwa ce. Ariyus, wani firist na Iskandariya, ya koyar cewa Ɗa halitta ne, shi ya sa aka yi taron Nikiya a 325 aka rubuta cewa Ɗa haifaffe ne ba halittacce ba, ainihinsa ɗaya da na Uba. Taron Kustantiniya na 381 ya ƙara bayani kan Ruhu Mai Tsarki. Bayan zamanin Matin Luta, jagoran gyaran ikilisiya, maganar ta sake tasowa. An ƙone Mika'ilu Sabetus a Jeniba a 1553 saboda ya ƙi Triniti, wato koyarwar Allah ɗaya cikin uku. A Tiransilbaniya kuwa, cikin Romaniya ta yau, dokar Torda ta 1568 ta buɗe musu ƙofa, jikokinsu suna nan, suna kiran kansu Kirista.
Na uku su ne waɗanda 'yar'uwarka take zuwa wurinsu. A 1961 ƙungiyar Yunitariyan ta Amurka, wadda aka kafa a 1825, ta haɗe da Yunibasalis, masu cewa a ƙarshe Allah zai ceci kowa. Abin da ya fito daga haɗin ba shi da shaidar bangaskiya ko ɗaya. A benci guda za ka samu mai bin Yesu, da mai bin Buda, da wanda bai yarda akwai Allah ba. Su da kansu ba su cewa ƙungiyarsu ikilisiyar Kirista ce.

Rifkatu: To ka ji. Magana ta ƙare, Malam ya raba gardama.

Malam Ishaya: Ban raba ba, 'yata. Na faɗi abin da gidan yake. Ban faɗi abin da ke zuciyar mai shiga gidan ba.

Mama Hannatu: Ɗana Bulus, saurare ni. Ranar Juma'a, 16 ga Janairu 2015, da aka cinna wa majami'u wuta a garin nan, maƙwabcinmu ne ya buɗe ƙofar baya ya shigar da mu ɗakin uwargidansa. Ita ta cire hijabinta biyu daga akwati ta ba ni da 'yata, ta zuba mana fura, shi kuma ya shimfiɗa tabarma a zaure ya zauna da carbinsa har dare, duk wanda ya tambaya ya ce nan gidansa ne. Duk abin da ka lissafa daga Matiyu 25, bawan Allahn nan ya yi mana shi a yini ɗaya. Yana girmama Annabi Isa, ba ya ambatonsa sai da addu'a. Amma je ka ce masa Kirista ne, ka ga ko zai ji daɗi. Shi Musulmi ne, ya san inda muka rabu: gicciye, da tashi, da ko Yesu Ɗan Allah ne. In halin kirki shi kaɗai ne ma'auni, ka ƙwace masa addininsa ke nan, ka ƙwace mana namu.

Bulus: Mama, wannan ta shige ni. Amma shi bai taɓa cewa shi Kirista ne ba. Ita tana cewa. An yi mata baftisma a gabanku.

Saratu: Abin da nake ta son faɗa ke nan. Ba ta ce bai tashi ba, cewa ta yi ba ta tabbata ba. Toma ya yi kwana takwas yana cewa sai ya sa yatsa a gurbin ƙusa, kuma a ɗaki ɗaya da sauran almajirai Yesu ya same shi. Ba su kore shi ba. Uban yaron nan na Markus 9 ya ce ya ba da gaskiya, a taimaki rashin bangaskiyarsa, kuma an warkar masa da ɗa. Abin da ya fi damuna shi ne wurin da take zuwa. A can babu wanda zai ce mata shakkarta tana da amsa. Za a ce mata ta zauna a haka, ya isa.

Rifkatu: Toma ya koma wurin almajirai. Ita ta koma wurin waɗanda ba su damu ko kabarin fanko ne ba. Ni dai ba zan kira ta 'yar'uwa cikin Ubangiji ba.

Mama Hannatu: Rifkatu, sassauta harshe. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yarinya ce ita kaɗai a ƙasar sanyi, mutanen nan suka karɓe ta. Wa ya kira ta daga nan cikin watannin nan?

Bulus: Kuma Malam, ina da tambaya kan tarihin da kuka kawo. Waɗanda suka ƙone Sabetus sun haddace Nikiya kalma da kalma. Shi da su, wa ya fi kusa da Yesu ranar?

Malam Ishaya: Zunubi suka yi, babba, ba na neman musu hanzari. Wanda ya riƙe shaida ta gaskiya ya ɗauki itacen ƙona mutum, Yaƙub ya riga ya faɗi sunan bangaskiyarsa: matacciya. Sai dai laifinsu bai mai da koyarwar Sabetus gaskiya ba. Ko Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya, da aka kafa a Amsadam a 1948, wadda da yawa cikinmu suke ganin ta cika sassauci, sharaɗin shigarta shi ne shaida cewa Yesu Almasihu Allah ne kuma Mai Ceto.

Baba Dauda: Na karanta duka. Tun da mishan ɗin SIM suka iso Damagaram a 1924, masu bi a garin nan ba su taɓa yawa ba, kuma yawancin iyayenmu sun rasa wani abu ranar da suka shiga ruwan baftisma: gado, ko aure, ko mazauni a zauren dangi. Da koyarwar kirki kawai suke nema, ai suna da ita a gidajen da suka fito. Sun gaskata mutumin da aka gicciye yana da rai, shi ya sa. Ni a nan na tsaya, ba zan matsa ba. Amma ban ga zuciyar yarinyar nan ba, Rifkatu ma ba ta gani ba.

Bulus: To Baba, in ta zo hutun Kirsimeti, za a miƙa mata Jibin Ubangiji?

Baba Dauda: Ni da Fasto za mu zauna da ita tukuna, ba a gaban jama'a ba. Zan sake yi mata tambayoyin da aka yi mata ranar baftisma. In ta ce tana so ta gaskata amma abin yana mata wuya, ni da hannuna zan miƙa mata gurasar. In ta ce ta gama tunani, bai tashi ba, to ba zan sa ta ci abin da ba ta yarda da shi ba. Tuwon gidana kuwa babu tambaya a kansa, ta zo ta ci. Turo mini lambarta yau.

Bulus: Na tura, Baba. Amma ban gamsu ba tukuna. Ɓarawon da ke kan gicciye ba wanda ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyi.

Rifkatu: Shi ya ce a tuna da shi sa'ad da Yesu ya shiga mulkinsa, alhali yana kallon Yesu yana mutuwa. Yaya, wa ke roƙon haka wurin wanda yake ganin kabari ne ƙarshensa?