Makarantar kuɗi a Katsina: yaro mai shekara 11, kwana ko jeka-ka-dawo?

Maman Sadiƙu, Daura:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malamai a kan ɗana na fari, wanda zai kammala aji shida na firamare a bana yana da shekara 11. Ni ma'aikaciyar jinya ce mai yawan aikin dare, mahaifinsa kuma ɗan kasuwa ne da ba ya cika mako a gida, shi ya sa karatun yaron ba ya samun mai bibiya. Mun ga wata makaranta mai zaman kanta a cikin garin Katsina da ke ɗaukar ɗaliban kwana da na jeka-ka-dawo. Baffansa da ke Ƙofar Marusa ya ce a kawo shi gidansa ya riƙa zuwa yana dawowa, mahaifinsa kuwa ya fi son ɓangaren kwana. Ni dai hankalina bai kwanta ba, domin yaro ne mai kunya wanda ko ciwo yake yi ba ya faɗa sai an lura. Me ya kamata mu duba kafin mu biya kuɗi?

Tsohon Malami, Katsina:

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kafin a zo maganar kwana ko jeka-ka-dawo, a fara tabbatar da makarantar kanta, domin fenti da motar ɗaukar ɗalibai ba su ne karatu ba. Ki nemi a nuna miki takardar amincewar ma'aikatar ilimi ta jiha, sannan ki tambaya ko makarantar tana da lambar cibiyar jarrabawar WAEC da NECO da sunanta. Idan ba ta da ita, to idan yara sun kai aji shida na sakandare sai a kwashe su zuwa wata makaranta su zana jarrabawa a can, kuma iyaye da yawa ba sa sanin haka sai an zo biyan kuɗin rajista.

Kada ki tsaya a kan hotunan zakarun da ake mannawa a bakin ƙofa. Ki ce a ba ki sakamakon dukan ɗalibai na shekara 3 a jere, ki duba mutum nawa suka samu kiredit 5 da suka haɗa da Turanci da lissafi, tunda abin da jami'o'i ke nema ke nan a yawancin fannoni. Amma idan kika ga aji gaba ɗaya ya ci da maki iri ɗaya, wannan ma abin tsoro ne, domin akwai inda ake rubuta wa yara amsa a allo, sai an je jarrabawar JAMB, inda yaro zai zauna shi kaɗai gaban kwamfuta, asiri ya tonu.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne malamai. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, kuma ana son malami ya yi rajista da hukumar rajistar malamai ta ƙasa, wato TRCN. Ki tambayi malamin lissafi da bakinki shekara nawa ya yi a wurin. Inda albashi bai taka kara ya karya ba, malami kan yi zango biyu ya tafi, sai yaro ya ga fuska uku a darasi ɗaya cikin shekara guda. Ki kuma karɓi littafin rubutun wani ɗan aji biyu ki buɗe: idan shafi goma suka wuce babu jan biro, kin sami amsarki.

Umman Yara, Sabuwar Unguwa:

'Yar'uwa, ni a kan ɗakin kwana zan yi magana, domin na ɗanɗana. Na kai ɗana wata makarantar kwana yana da shekara 11, kuma duk ranar ziyara cewa yake lafiya lau. Sai da ya zo hutu na ga tafin hannunsa ya yi fari yana saɓa, na matsa masa, sannan ya ce wankin kayan manyan ɗalibai yake yi duk Asabar, garin kwaki da madara da sukarin da nake kai masa kuma ba sa kwana uku a akwatinsa. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu, domin laifina ne da ban taɓa wuce ofishin shugaban makaranta ba.

Don haka ki je ba tare da sanarwa ba, a ranar karatu, ba ranar ziyara da ake share ko'ina ba. Ki shiga ɗakin ki ƙirga gadaje da tagogi, ki tuna zafin watan Maris zuwa Mayu, lokacin da sanƙarau ya fi yaɗuwa a inda ake cunkoso. Ki buɗe famfo da hannunki, ki leƙa banɗaki, ki tsaya har a raba abincin rana ki ga abin da ke cikin kwanon. Ki tambaya ko ƙananan ɗalibai ɗakinsu daban, a ina mai kula da su yake kwana, kuma wa ke duba yaron da zazzaɓi ya kama da tsakar dare. Ke da kike aikin jinya, kallo ɗaya za ki yi wa ɗakin shan maganinsu ki gane.

A ganina, yaron da ba ya faɗin damuwarsa ya zauna gidan baffansa har ya zana jarrabawar aji uku, idan ya shiga babbar sakandare bakinsa ya buɗe, sai a mayar da shi kwana.

Abu Hafsat, Daura:

Hajiya, na yarda da Malam gaba ɗaya, amma ina da ɗan ja da maganar Umman Yara. Riƙo ma yana da nasa nauyin, domin yaro mai kunya a gidan da ba nasu ba yana iya ƙarewa a aike da ɗiban ruwa, kuma ba za ki iya tuhumar matar baffansa yadda za ki tuhumi makarantar da kike biya ba. A fara jin ta bakin matar gidan, kada a tsaya ga alkawarin maigidan kaɗai.

Sai batun tsaro. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, babu uban da zai kai ɗansa kwana bai duba katanga da masu gadi da nisan wurin daga gari ba. Ki kuma nemi a rubuta miki duk abin da za a biya a zango uku, har kayan makaranta da littattafai da kuɗin jarrabawa. Kada kuma ku manta da Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke nan Daura, wadda ake shiga ta jarrabawar da NECO ke shiryawa. Tana kusa da ke, ba sai kin yi tafiyar wajen kilomita 80 ba.

Maman Sadiƙu, Daura:

Allah ya saka muku da alheri. Ranar Talata ba ni da aiki, zan shiga motar farko zuwa Katsina in isa makarantar kafin a raba abincin rana, daga nan in wuce Ƙofar Marusa mu zauna da matar baffansa mu biyu. Malam, idan suka ƙi nuna mini sakamakon shekarun baya, akwai wata hanyar da zan bi in gani?